Daga Sintirin Madabo Zuwa 'Yan Doka: Wa Ke Kama Mai Kamu a Kano?

Unguwar Madabo, a cikin ganuwar Kano ba nisa da Kasuwar Kurmi, da karatu aka san ta. Nan zuriyar Wangarawa suka yi kaka-gida, nan aka ɗebi ƙarnoni ana karantar da fiƙihun Malikiyya a zaure, har sarautar Babban Malami ta zama abin da ake kiran unguwar da shi. Abin da ba a cika kula da shi ba shi ne, a cikin labarin zuwan Wangarawan nan ne aka fara ambatar sintirin dare a tarihin Kano da aka rubuta.

Kundin tarihin sarakunan Kano ya ce sun zo daga Mali a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, su kusan arba'in, jagoransu Abdurrahman Zaite. Littafin da zuriyarsu suka rubuta kan asalinsu kuwa ya kai zuwan nasu zamanin Muhammadu Rumfa. Ko wanne aka ɗauka, kundin ya ce da aka gina masallaci sai masu adawa da salla suka riƙa zuwa da dare suna ƙazantar da shi, sai aka sa wani mai suna Ɗan Bujai ya riƙa kewaya shi da mutane masu makamai tun daga magariba har asuba. Mutanen birni da yawa suna danganta wancan masallaci da na Madabo. A cikin wannan labari ɗaya kuma aka ce Sarki ya naɗa Zaite alƙali. Ashe mai gadi da mai shari'a tare suka shigo tarihin garin, kuma abin da Kano ta yi ta fama da shi tun daga nan shi ne wanne zai zauna a bisa ɗan'uwansa.

Malamai ba su yi shiru a kan wannan ba. Shehu Maghili, da ya zo Kano wajajen 1492, ya rubuta wa Rumfa littafi kan abin da ya wajaba a kan sarakuna. Bai hana sarki ajiye masu gadi da masu kawo masa labari ba, ya ma lissafa su cikin ma'aikatan da mulki ba ya tsayawa sai da su. Amma abin da ya fi nanatawa shi ne kada sarki ya ɓuya wa talakawansa, ya zauna inda mace da yaro da mai rauni za su iya kai masa kuka da bakinsu, kuma ya riƙa bin diddigin ma'aikatansa da dukiyar da suka tara. Bayan shekara ɗari uku, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Kitabul Farƙi ya lissafa zaluncin da ya gani a mulkin sarakunan Hausa, har da gaisuwa da kamuwa, wato ɗiban kayan mutane a kasuwa da sunan sarki. Ƙanensa Abdullahi kuwa a nan Kano ya rubuta Liya'ul Hukkami bisa roƙon mutanen gari, kuma a ciki ya yi bayanin mayar da haƙƙin wanda mai iko ya zalunta. Littattafan nan ba baƙi ba ne a zaurukan malaman birni.

A aikace kuwa, hannun sarki shi ne dogari. Yawancin dogarai bayin sarki ne, ba su da dangi a gari da za su ji nauyinsu, ba su da ubangida sai shi. Su ke kamu, su ke raka mai laifi gaban alƙali, su miƙa wa Yari wanda aka ɗaure, su miƙa wa Hauni wanda aka yanke wa kisa. Lokacin da Turawa suka ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, shugabansu Lugga ya shiga kurkukun birni ya rubuta abin da ya gani: ɗakuna biyu, kowanne tsawon ƙafa 17 da faɗin ƙafa 7, kuma mutum 135 ke kwana a ciki. Lugga yana da dalilinsa na kururuta wannan, domin yana neman hujjar cin ƙasar da ba tasa ba. Duk da haka bai kamata mu ce ƙarya ce don kawai maƙiyi ne ya faɗa ba. Ni dai ina ganin wanda yake son Kano da gaske shi ne ya fi cancanta ya ji zafin wannan ɗaki.

Turawan da suka yi kukan kurkuku ba su rage ƙarfin kamu ba, tsara shi suka yi. Bayan tawayen Satiru kusa da Sakkwato a 1906, inda aka ƙone garin aka kashe mutane kusan dubu biyu, tsoron Mahadiyya ya shiga jininsu. Malami mai yawo, alhajin da ya dawo ta Sudan, takardar Larabci da ta shigo daga gabas, duk sun zama abin sa ido. A 1923 suka kama Shehu Sa'idu ɗan Hayatu, tattaɓa-kunnen Sarkin Musulmi Bello, a Dumbulwa ta ƙasar Fika, suka kai shi Buea a Kamaru ba tare da an gurfanar da shi gaban wata kotu ba. Daga baya aka dawo da shi Kano ana tsare da motsinsa, sai a 1959 aka sake shi. Shekara 36 ke nan a kan zato. A tsakiyar shekarun 1920 har jami'ai biyu, Tomlinson da Lethem, aka tura ƙasashen Larabawa su bi sawun hanyoyin da ra'ayoyin addini ke shigowa Arewa.

Wannan sa ido ba na'ura yake buƙata ba. Tsarin sarauta kansa ya isa. An raba birni fuska huɗu, kowace da wakilinta, kowace unguwa da mai unguwarta. Mai unguwar Madabo, kamar takwaransa na kowane lungu, shi ke ƙidayar masu haraji, shi ya san wanda aka haifa da wanda ya rasu, shi ake tambaya baƙon da ya sauka a gidan wane. Labari yana hawa daga zaure zuwa fada, daga fada zuwa Nasarawa wurin Razdan, cikin kwana ɗaya. Kukan talaka kuwa ba shi da irin wannan tsani.

A 1925, ƙarshen zamanin Sarki Usman, aka fara sabon tsari a Kano: aka kafa 'yan gadi masu kaki da fareti domin tsaron birni, daidai lokacin da Turawa ke rage ikon manyan bayin sarki irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama. Waɗannan ne suka zama 'yan doka, 'yan sandan En'e, wato hukumar sarki, kuma sauran masarautu suka kwaikwaya. Shugabancinsu ya koma hannun 'ya'yan sarki da sarautar Wakilin Doka. An ce an yi haka ne don a ɗaga darajar aikin, mutanen kirki su shiga. Abin da ya haifar kuwa shi ne ɗan doka da alƙali da gidan yari duk suka zama ma'aikatan hukuma ɗaya, albashinsu daga baitulmali ɗaya, ɗaukarsu da korarsu a hannu ɗaya. Kotun sarki ita ce babba a ƙasar Kano, tana iya yanke hukuncin kisa, kuma lauya ba ya tsayawa a kotun alƙali.

Illar wannan ba ta fito fili sosai ba sai da siyasar jam'iyyu ta zo. Ranar 8 ga Agusta 1950 wasu matasa takwas suka kafa NEPU a Kano, cikinsu har da Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Ɗambatta da Mudi Sipikin, kafin Malam Aminu Kano ya zama jagoranta. Manufarta ta farko ita ce rage ikon En'e a kan talaka. To, ga inda gizo ke saƙar: wanda kake son ka rage wa iko shi ne zai ba ka izinin taro. In ya hana ka yi, ɗan dokarsa ya kama ka da laifin taro ba izini. In ya ba ka, akwai mai saurare a cikin jama'a, gobe a karanta maka maganarka a gaban alƙali a ce zagin sarki ne ko raina hukuma. Sai bulala, sai wata uku ko shida a gidan yarin Kurmawa. Wanda bai hau dandamali ba ma bai tsira ba, domin ana iya ƙara masa haraji, a karɓe rumfarsa a kasuwa, ko duba-gari ya samu laifi a gidansa. Hajiya Gambo Sawaba da ta zo daga Zariya tana jan hankalin matan birni, an kama ta an ɗaure, daga baya aka kore ta daga Kano. Tanko Yakasai ya sha shiga gidan yari yana fita. Wajajen 1953 kuma aka samu ƙungiyar da ake kira 'Yan Mahaukata, masu far wa 'yan NEPU da sanduna, kuma kukan da 'yan jam'iyyar suka yi ta yi shi ne 'yan doka na gani suna kau da kai. Wannan shi ne a doke ka a hana ka kuka.

Abin da ya fi taɓa ni a wannan zamani shi ne makamin da waɗanda aka zalunta suka ɗauka. Ba su ce shari'ar Musulunci ce ta cuce su ba. Cewa suka yi an karkatar da ita. Malam Lawan Ɗambazau, mai ba jam'iyyar shawara kan shari'a, da Malam Aminu kansa, wanda ɗan gidan malamai da alƙalai ne, da littattafan fiƙihu da rubuce-rubucen masu jihadi suke ƙalubalantar hukuncin da ake yanke wa mutanensu. Ilimin da unguwanni irin Madabo suka adana shi ne ya ba talaka bakin tambayar alƙali hujjarsa.

Ba kowa ne a cikin tsarin ya yarda da abin da ake yi ba. Ado Bayero ya bar kujerarsa ta majalisar Kaduna ya zama Wakilin Doka daga 1957 zuwa 1962, kuma an shaide shi da ƙoƙarin rage al'adar tsare mutum don kawai wani babba ya ce a tsare shi. Cewa har ana yaba wa shugaban 'yan doka da wannan, ya isa ya nuna yadda al'adar ta yi jijiya. Hukumar Willink da Ingila ta kafa a 1957 kan koke-koken ƙananan ƙabilu ta saurari irin wannan kuka, ta ba da shawarar a haɗe 'yan doka cikin 'yan sandan ƙasa sannu a hankali. Gwamnatin Arewa ba ta so ba. An dai kawo sabuwar dokar laifuffuka da ta fara aiki a 1960, amma kamu da ɗauri suka zauna inda suke.

Ranar da bincike ya iso fadar Kano kuwa, ba a kan bulalar talaka ya zo ba. A 1962 gwamnatin Sardauna ta naɗa Baturen nan Muffett ya binciki kuɗin En'e ta Kano. A 1963 Sarki Muhammadu Sanusi ya yi murabus aka kai shi Azare, kuma ba a saki cikakken rahoton ga jama'a ba. Har gobe Kanawa na jayayya ko gyara ne ko rikicin manya, amma babu jayayya cewa ba a kafa irin wannan hukuma ba domin waɗanda aka ɗaure saboda katin jam'iyya.

Soja ne suka rufe babin. A 1966 gwamnatin Ironsi ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Yusuf Gobir kan 'yan sanda da gidajen yari, ya ba da shawarar tarayya ta karɓe su. A 1968 gidajen yari suka koma hannun tarayya, aka soke kotunan sarakuna, aka mayar da alƙalai ƙarƙashin ma'aikatar shari'a, kuma zuwa farkon shekarun 1970 an gama tace 'yan doka an shigar da waɗanda suka cancanta aikin ɗan sanda. Gwamnan farko na Jihar Kano da ya ga wannan sauyi, Audu Bako, shi kansa ɗan sanda ne. An sauya kaki, an sauya ubangida, amma ba a zauna an saurari waɗanda aka daka ba, ba a biya kowa diyya ba.

Tun daga nan matsalar ta juya fuska. Ɗan doka ya san ka har kakanka, shi ya sa zaluncinsa ke da ciwo. Ɗan sandan tarayya kuwa sau da yawa bai san unguwar ba, kuma mai iya hukunta shi yana can Abuja. Giɓin da wannan ya bari shi ne 'yan sintirin unguwa suke cikewa, kuma da gwamnatin Shekarau ta yi dokar Hisba a 2003, tarayya ta haramta Hisbar a 2006 ta kama shugabanninta da hujjar cewa rundunar 'yan sanda ce ta bayan fage. Aikin mai unguwa na sanin inda kowa yake, yanzu layin waya ke yin sa, tun da aka wajabta haɗa shi da lambar ɗan ƙasa a ƙarshen 2020. Doka a takarda ba ta yi ƙaranci ba: akwai ta hana azabtarwa ta 2017, akwai sabuwar dokar 'yan sanda ta 2020. Amma da aka rushe rundunar SARS a Oktoban 2020 aka nemi jihohi su kafa kwamitocin sauraren waɗanda 'yan sanda suka cuta, Kano na cikin 'yan jihohin da ba su kafa ba.

Sashe na 214 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana kafa wata rundunar 'yan sanda ban da ta tarayya. A Fabrairun 2024 Shugaba Tinubu da gwamnoni suka amince a duba yiwuwar 'yan sandan jihohi, kuma mutanen da ɓarayin daji da 'yan daba suka hana barci suna da hujjar goyon baya. Ina tare da su a buƙatar tsaro na kusa. Sai dai kafin Kano ta sa hannu, ya kamata 'yan majalisarta su nemi a rubuta abu uku ƙarara a cikin dokar: wanda zai naɗa kwamishina ya kuma cire shi, wanda zai ba jam'iyyar adawa izinin taro, da ofishin da mutumin Madabo ko Kurna zai kai ƙarar ɗan sandan jiha, wanda albashin ma'aikatansa ba ya bi ta teburin gwamna.