Ɗan Bindigar Daji a Gaban Kyamara

Labarin ɗan bindigar da ke cewa tilas ce ta kai shi daji ya daɗe yana yawo a bakin mutane a Faskari, Sabuwa, Ɗandume da Ƙanƙara kafin ya hau allon talabijin. Zubinsa kusan ɗaya ne: yaro ya tashi a ruga, bai taɓa zama a aji ba, sanda da gora ne duk abin da ya mallaka. Aka kore shanun gidansu, ko 'yan sa-kai suka kashe masa uba a kasuwa, ya kai ƙara ba a saurare shi ba, sai ya sayar da abin da ya rage ya sayi bindiga.

Sace ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, ranar 11 ga Disamba 2020, shi ya jawo hankalin 'yan jarida ga waɗannan mutane. Auwalun Daudawa, wanda ya jagoranci harin, ya bayyana a Gusau a Fabrairun 2021 yana miƙa makamai da sunan tuba. Bai jima ba ya koma daji, aka kashe shi a faɗa da wasu 'yan bindigar.

A 2022 fina-finan bincike biyu suka fito: na Trust TV a watan Maris, da na BBC Africa Eye a Yuli, wanda Yusuf Anka ya gabatar. A na BBC ne aka ga Ado Aleru, wanda 'yan sandan Katsina suka sa ladar naira miliyan 5 a kansa bayan kisan da aka yi a ƙauyen Kadisau na ƙaramar hukumar Faskari a Yunin 2020, yana kokawa kan zaluncin da ya ce ana yi wa Fulani. Gwamnatin tarayya ta ce an ɗaukaka 'yan ta'adda, hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin kuma ta ci Trust TV tarar naira miliyan 5 a Agusta.

Ƙorafin makiyaya kan burtali da rashin adalci gaskiya ne, kuma fina-finan sun fito da shi. Sai dai a ƙasar Funtua da Malumfashi kallon yana da ɗaci, domin wanda ke ba da tarihin maraicinsa a allo, yaransa ne ke sa wa manomin masara da auduga haraji kafin ya girbe gonarsa.