Daga Ganuwa zuwa Hoton Tauraron Ɗan'adam

Wanda ya taso daga Birnin Ƙonni ya nufi Tawa, ya sauka Badaguishiri, idonsa ma ya ishe shi sanin cewa gari na tafiya. Tun kafin a shiga kasuwa ake ganin tulin bulo a tsakiyar gona, an ja harsashi sahu uku an bari, karan geron bara na tsaye a inda ɗaki zai kasance. Mai ginin yana can ci-rani. Duk sa'ad da ya aiko kuɗi, sai magini ya ƙara sahu biyu.

Lissafin inda gari zai kai gobe ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Ganuwa ita ce kirdadonmu na farko. A Kano, tarihi ya ce Sarki Gijimasu ne ya soma ta wajen farkon ƙarni na 12, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15. Ba gidaje kaɗai suka kewaye ba, har da gonaki da kududdufai da wurin kiwo. Da Bature matafiyi Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta mazauna birnin sun kai 30,000, ya kuma tarar da fili mai yawa cikin ganuwa ba a gina ba. Wato dai sarakunan nan sun auna wa jikokin da ba su gani ba. Ƙonni ma birni ce mai ganuwa, har ranar da rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta ragargaza ta a watan Mayun 1899.

Zuwan Turawa ya sauya awon. Layin dogo ya iso Kano a 1911, unguwanni irin Sabon Gari suka tsiro a wajen badala. An yi wa birnin tsarin shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983, amma gari ya tsere wa takarda.

A daidai lokacin ne kwamfuta ta shigo harkar. A 1964 wani masani, Ira Lowry, ya tsara wa birnin Pittsburgh na Amurka lissafi mai sauƙin fahimta: inda masana'anta ta zauna gidaje ke bi, inda gidaje suka taru kantuna ke bi. Duk wanda ya san yadda kamfanin siminti ya ja mutane Malbaza zai gane wannan. A 1972 aka harba tauraron ɗan'adam na Landsat na farko, a 2008 aka saki hotunan Landsat kyauta ga kowa. Da irin waɗannan hotuna ake yanka ƙasa gida-gida kamar dara, a duba kowane gurbi: yana kusa da kwalta? Tudu ne ko kwari? Maƙwabcinsa ya ginu? Sai a koya wa na'ura abin da ya faru jiya, ta hango gobe. Ta haka mai bincike Karen Seto da abokan aikinta suka yi hasashe a 2012 cewa zuwa 2030 birane za su ƙara cinye fili murabba'in kilomita miliyan 1.2, kusan faɗin Nijar baki ɗaya. Wani mai binciken kuwa, Shlomo Angel, da ya bi diddigin birane 200, ya gano cewa filin gari ya fi yawan mutanensa saurin ƙaruwa.

Abin da ke damuna shi ne, manyan binciken nan sun daɗe suna kallon gari mai mutum 100,000 zuwa sama. Sai da shirin Africapolis ya zo da wani ma'auni, mutum 10,000 a gidajen da tazararsu ba ta wuce mita 200 ba, sannan garuruwan kasuwa irin namu suka fito sosai a taswira. Alhali jama'ar Nijar ta tashi daga miliyan 5.1 a ƙidayar 1977 zuwa miliyan 17.1 a ta 2012, kuma ba duka suka tafi Yamai ba. Da yawansu nan suka tsaya bakin hanya, inda akwai kasuwa da ruwa.

Tauraro yana ganin kwanon rufi, amma bai san fadamar wa aka yanka ba, bai san magada nawa suka sa hannu ba. Duk da haka ina ganin hasashensa na da amfani, muddin ya riga mai igiyar awo isa ofishin magajin gari. A Habasha, tun 2013 garuruwa irin su Hawasa da Adama suka yi amfani da shi suka keɓe manyan tituna masu faɗin mita 30 kafin gini ya iso. A Badaguishiri, abin da ya kamata a fara keɓewa shi ne bakin korama, da lambunan albasa, da burtali. Ranar kasuwa na tsaya na ga makiyayi yana kora shanunsa ɗaya bayan ɗaya tsakanin sababbin katangu biyu, ƙahon bijimin gaba yana gogar bulo.