Bangon shagon gahawa da tarihin Mbari a Ibadan

Da yawa daga cikin masu shigowa shagona a nan Ibadan, idan suka ga zanen matasan unguwa rataye a bango, sai su ɗauka wani yayi ne na kwaso daga Turai. Alhali kuwa haɗa wurin ci da sha da baje kolin zane tsohon abu ne a garin nan, kuma tarihinsa na da darasi ga duk mai irin sana'ata.

A shekarar 1961 aka buɗe wani kulob mai suna Mbari a unguwar kasuwar Dugbe, a harabar wani gidan abinci na Kwarori 'yan Labanan. Cikin waɗanda suka kafa shi akwai Bajamushen nan Ulli Beier, da Wole Soyinka, da J. P. Clark, da Christopher Okigbo, da Ezekiel Mphahlele ɗan Afirka ta Kudu. Chinua Achebe ne ya ba da sunan, wanda a ƙasar Ibo ke nufin wani ɗaki da ake ginawa a cika shi da siffofin yumɓu. Wurin ba shi da girma, amma a nan ake wasan kwaikwayo, a karanta waƙa, a rataye zane, har littattafai suka riƙa bugawa.

Mu 'yan Arewa muna da kaso a labarin. Uche Okeke da Demas Nwoko, waɗanda zanensu ya ƙawata Mbari, a Zariya suka yi karatu, inda a 1958 suka kafa ƙungiyar ɗalibai masu zane tare da su Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Manufarsu ita ce a daina kwaikwayon Bature ido rufe, a koma ga zanen gida. Haka kuma a Mbari aka nuna aikin Ibrahim El-Salahi na Sudan, mutumin da ya ɗora zanensa kan harafin Larabci irin na makarantar allo. A 1962 ma Jacob Lawrence, baƙar fatar Amurka, ya kawo nasa.

Wanda ya fi kama da mu masu shago shi ne Duro Ladipo na Oshogbo. Yana da wurin sayar da abin sha a gidan mahaifinsa, sai a 1962 ya mayar da shi Mbari Mbayo. A horon da Georgina Beier ta bayar a garin a 1964 ne aka samu su Twins Seven-Seven da Jimoh Buraimoh da Muraina Oyelami, matasan da ba su da digirin zane, amma sunansu ya kai ƙasashen duniya.

To mai karatu zai ce, ina Mbarin yake yau? Abu biyu suka kwantar da shi. Na farko, kuɗin tafiyar da shi daga waje yake zuwa, daga wata ƙungiya da ke Faris mai suna Congress for Cultural Freedom, wadda tsakanin 1966 da 1967 asiri ya tonu cewa hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ke ba ta kuɗi. Na biyu, yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, abokai suka watse, Okigbo ya mutu a fagen daga a wannan shekarar. Wurin da aka ɗora kan aljihun wani ba ya ɗorewa.

A nan ne nake kwatanta shi da teburin mai shayi na Sabo, unguwar da aka keɓe wa Hausawa tun 1916 lokacin da fataucin goro da shanu ke tashe. Babu wata ƙungiyar waje da ta taɓa ba mai shayi ko sisi, amma ga shi har gobe da butarsa da burodinsa, a gabansa ake jin labarin gida, ake muhawarar siyasa, baƙo ya sami mai masauki. Kofin da ake biya kullum shi ne ya riƙe shi.

Da wannan lissafin nake tafiyar da shagona. Cinikin safe, lokacin da ma'aikata da ɗalibai ke layi, shi ke biyan haya da man janareta. Zane kuwa sai a yi makonni ba a sayi ko ɗaya ba. Saboda haka ba na karɓar kuɗin bango daga mai zane, sai an saya nake cire ɗan kamasho. Ina nisanta zane da murhu don tururi da hayaƙi na lalata shi, lokacin hunturu kuma kullum sai an kakkaɓe ƙura. Akwai kuma dattawanmu da ba sa son zama ƙarƙashin surar mutum, ban kuwa ga laifinsu ba, shi ya sa ɓangarensu na cika shi da zayyanar allo, da adire na matan Yarbawa, da zanen dagi irin na ginin Kano da Zariya. Mai zama awa uku kan kofi guda ma ba na korarsa, don sau da yawa shi ke jawo wanda zai sayi zanen.

Shawarata ga matasanmu da ke Kudu masu sha'awar buɗe irin wannan wuri ita ce su fara gyara gahawar tukuna, ta yi daɗi, farashinta ya dace da aljihun unguwa. Idan makwabta suka riƙe shago, bango ba zai rasa abin ratayawa ba, mai zane kuma ba zai jira tallafin da ba a san daga inda ya fito ba. Allah Ya sa wa sana'o'inmu albarka, amin.