Mahaɗɗa Wusɗa: Tashar da Jirginta Ya Tafi, Sunanta Ya Zauna



Duk wanda ya zauna a Umdurman ya san Mahaɗɗa Wusɗa, wato tashar tsakiya, kusa da babbar kasuwa. Amma da yawa daga cikin 'ya'yanmu ba su san tashar mene ne ba. Asalinta matsayar tarmai ce, ƙaramin jirgin ƙasan da ke bin dogo a tsakiyar titi yana ɗaukar mutanen gari.

Turawan Ingila ne suka kawo shi a farkon ƙarni na 20, bayan sun ci Umdurman a 1898. Da fari da tururi yake tafiya. A lokacin babu gada a kan Farin Nilu, saboda haka mai zuwa daga Khartum sai ya sauka a Mugran, inda kogunan biyu suka haɗu, ya haye a jirgin fito, sannan ya hau wani tarmai a ƙetare. A shekarun 1920 aka gina gadar, aka kuma mayar da tarmai na lantarki, tafiya ta zama ɗaya. Daga tashar tsakiya dogo ya bi ta Maurada zuwa gada, wani reshe ya nufi Abu Rof a bakin kogi.

Zamanin nan shi ne kuma zamanin da kakanninmu suka yawaita a Sudan. Bayan yaƙin Burmi na 1903, jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka yi hijira gabas, ɗansa ya kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Mahajjata kuma suna yada zango a waɗannan birane, su nemi guzuri kafin su nufi Sawakin. Garin da suka sani, gari ne mai tarmai.

A farkon shekarun 1960, zamanin Janar Ibrahim Abbud, aka dakatar da shi, motoci suka gaje hanya. Dogo ya ɓace, amma bakin jama'a ya riƙe sunan.

Yanzu yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya watsa mutane, kuma dattawan da suka hau tarmai suna ƙarewa. Wanda yake da tsoho a gida, ya zauna gabansa ya tambaye shi, ya rubuta. Allah Ya zaunar da Sudan lafiya, Ya jiƙan magabatanmu.