Yadda Waƙar Solomon Linda Ta Zaga Duniya Ba Da Sunansa Ba

A shekarar 1939 ne Solomon Linda, wani Bazulu ɗan ƙwadago a Johannesburg, ya shiga ɗakin ɗaukar sauti na kamfanin Gallo tare da ƙungiyarsa ta Evening Birds, suka rera "Mbube". Dab da ƙarshen faifan sai muryarsa ta haura siririya a bisa amshin mazaje masu kaurin murya, ya ja wani ɗan kari da ya faɗo masa nan take. Wannan karin ne duniya ta haddace daga baya. Sule goma aka sallame shi da su, kamfani ya riƙe haƙƙin mallaka, faifan kuwa ya yi kasuwa a Afirka ta Kudu har wani salon waƙa ya ɗauki sunansa.

Sake rera waƙar wani ba laifi ba ne. Miriam Makeba ma ta rera ta a 1960. Ɓarnar ta faro ne ranar da aka liƙa mata sunan waƙar gargajiya marar mai ita. Da faifan ya isa Amurka, mai tattara waƙoƙin gargajiya Alan Lomax ya miƙa wa mawaƙi Pete Seeger, ƙungiyar su Seeger ta Weavers ta fitar da ita da sunan "Wimoweh" a farkon shekarun 1950, aka rubuta cewa wani Paul Campbell ne ya tsara ta, alhali babu mutumin, sunan aro ne na karɓar kuɗi. A 1961 George Weiss ya sa mata baitocin Turanci, ƙungiyar Tokens ta hau matsayi na ɗaya da "The Lion Sleeps Tonight". Ƙungiyar Tight Fit ta yi haka a Ingila a 1982, Disney kuma ya saka ta a fim ɗin The Lion King a 1994. Linda kuwa tun 1962 ya rasu cikin talauci, ko dutsen kabari iyalinsa ba su iya saya ba a lokacin.

Wasu za su ce ai shi ma a rijiyar waƙoƙin Zulu ya ɗebo ruwa, kuma ba don baitocin Weiss ba da waƙar ba ta kai inda ta kai ba. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Sai dai wane mawaƙi ne bai gaji salo ba? Idan gado bai hana a biya Weiss ba, bai kamata ya hana Linda ba, balle ga faifai mai shekara da suna a matsayin shaida. Seeger kansa ya amince da haka, har ya aika masa dala 1,000.

Bayan ɗan jarida Rian Malan ya tono labarin a mujallar Rolling Stone a 2000, aka kai Disney kotu a 2004 bisa wata dokar Birtaniya ta 1911 mai mayar wa magada haƙƙi shekara 25 bayan rasuwar marubuci. A 2006 kamfanin Abilene Music, wanda ke riƙe da haƙƙin waƙar a lokacin, ya yi sulhu da magadan, ya kuma yarda a sa Linda cikin mawallafan waƙar.