Waƙa Ma Aikin Gayya Ce: Malam Sa'adu Zungur da Zauren Muhawara na Bauchi

Duk lokacin da aka zauna taron ƙungiyar ci gaban gari, abin da kan fara zuwa bakin mahalarta shi ne rijiyar burtsatse, da ajin makarantar da iska ta yaye wa rufi, da ɗakin shan magani, da hanyar da damina ta cinye. Babu mai ja da wannan, domin kuwa ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Amma da wani zai miƙe ya ce a ware ɗan wani abu don gasar rubutattun waƙoƙi a tsakanin matasa, da wuya bai ga murmushi a fuskokin dattawa ba, kamar wanda ya zo da zancen wasa ana tsakiyar magana. To, tarihi yana da abin faɗi a nan. Ɗaya daga cikin ƙungiyoyin ci gaba na farko-farko da aka kafa a Arewa, wato Bauchi General Improvement Union, marubucin waƙa ne ƙashin bayanta, kuma abin da ya fi daɗewa a zukatan mutane daga cikin ayyukansa shi ne waƙoƙin nasa.

Tushen Al'amarin

Malam Sa'adu bai ƙago amfani da waƙa wajen gyaran al'umma ba, gado ya tarar. Tun zamanin jihadi, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙaninsa Malam Abdullahi sun fahimci cewa littafin Larabci malamai kaɗai yake isa, amma makiyayi da manomi da matar da ke cikin gida sai an yi musu magana da harshensu, cikin sigar da za su iya haddacewa. Saboda haka suka riƙa tsara waƙoƙi da Fulatanci da Hausa. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ita ta kai wannan dabara matuƙa. Ta naɗa mata shugabanni da ake kira jaji, ta ba kowacce malfa a matsayin alama, su kuma suka riƙa ɗaukar waƙoƙinta a ka suna kai wa 'yan taru a ƙauyuka. Wato dai makaranta ce sukutum wadda ba ta da gini, littafin karatunta waƙa. Haka kuma ita ce ta mayar da waƙar mahaifinta, Tabbat Haƙiƙa, zuwa Hausa, waƙar da ke jan kunnen masu mulki da alƙalai game da zalunci.

Bauchi kuwa tana cikin wannan da'ira tun farko, domin Malam Yakubu da ya kafa masarautar almajirin Shehu ne. A gidan malamai na wannan birni aka haifi Sa'adu Zungur, bayan Turawa sun ci garin a 1902. Ya yi karatun allo da na littattafai mai zurfi, sannan ya shiga boko har Kwalejin Katsina, daga nan ya wuce Babbar Kwalejin Yaba da ke Ikko a 1934, a lokacin da ɗan Arewa a irin wannan wuri abin kallo ne. Daga baya ya koyar a Zariya, inda ya fara haɗa kan 'yan boko don tattaunawa, kafin rashin lafiyar huhu ta maido shi gida.

Wannan haɗuwar ilimi biyu ita ce sirrin mutumin. Malaman zaure ba su iya ce masa jahilin addini ba, Turawa kuma ba su iya ce masa bai san duniya ba.

Zauren da Aka Rufe

A farkon shekarun 1940 Allah Ya haɗa mutum uku a Bauchi waɗanda tarihin Nijeriya ba ya cika sai da su. Akwai Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa a Makarantar Midil, akwai wani matashin malami da aka turo wannan makaranta mai suna Malam Aminu Kano, sannan ga Malam Sa'adu yana jinya a gida. Abin lura a nan, wanda masu rubuta tarihin siyasa kan tsallake, shi ne dukkansu ukun ma'abota ƙagaggen rubutu ne. Malam Abubakar shi ya rubuta Shehu Umar, wanda ya fito daga gasar rubutun ƙagaggun labarai ta 1933. Malam Aminu yana tsara wa ɗalibansa wasannin kwaikwayo masu zambo ga cin hanci da danniya. Malam Sa'adu kuwa waƙa ce makaminsa. Kafin su zama 'yan siyasa, sun riga sun koyi yadda ake saƙa magana ta shiga ran mai sauraro.

A wannan lokaci aka kafa zauren muhawara na Bauchi da amincewar hukumar Turawa. Ma'aikatan En'e da malaman makaranta da jami'an mulki sukan zauna a tattauna al'amuran yau da kullum. Turawa sun zaci wuri ne da 'yan boko za su fitar da zafin ransu su koma gida. Sai muhawara ta fara taɓa inda ke da ciwo, aka shiga zancen mulkin Turawa ta hannun sarakuna, har aka kai ga tambaya a kan albashin sarki. Nan take hukuma ta ga abin ya wuce gona da iri, zaure ya watse. Su Malam Sa'adu kuma su ne suka kafa ƙungiyar ci gaban Bauchi da aka ambata a sama, wadda ba ta ƙarƙashin inuwar kowa.

Mai karatu ya dubi halin da ake ciki a wancan lokaci. Masu iya karatun boko 'yan ƙalilan ne. Jaridar Hausa da ake da ita, Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939, a hannun hukuma take, duk da ƙoƙarin da editanta Malam Abubakar Imam yake yi na buɗe wa masu karatu fili. Taro kuwa ana iya hana shi da takarda guda. To, wace hanya ta rage wa mai son magana da talakawa? Waƙa. Ana rubuta ta da ajami ko da boko a 'yan warƙoƙi, mutum ɗaya ya rera, goma su haddace, kafin mako ta kai kasuwa da tasha da zaurukan hira. Karinta da amsa-amonta su ne ke riƙe ta a ƙwaƙwalwa, yadda ko an ƙwace takardar ba a ƙwace waƙar ba. Ɗan doka yana iya rufe zaure, amma ba ya iya bin kowane mai ɗinki da kowane ɗan koli ya hana shi rerawa a kan aikinsa.

Waƙoƙi Biyu

Bayan an gama Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, sojojin Afirka ta Yamma da suka yi yaƙi a Bama suka fara dawowa, kuma da yawansu 'yan Arewa ne. Malam Sa'adu ya tsara musu Maraba da Soja. A zahiri waƙar barka da zuwa ce, irin wadda babu Bature da zai ƙi ta. Amma a cikinta ya juya zancen zuwa ga ma'anar 'yancin da aka ce don shi aka yi yaƙin, yana nuni da cewa babu amfanin 'yanci a baki alhali talaka yana cikin ƙunci da rashin adalci a gida. Wannan ita ce gwanintar da takardar koke ba ta da ita. Takardar koke fuska ɗaya gare ta, ana karantawa a jefa a kwandon shara. Waƙa kuwa tana iya shigowa da rigar biki, sai an zauna sannan a ga abin da ta ɗauko.

Babbar waƙarsa ita ce Arewa Jumhuriya ko Mulukiya, wadda ya tsara wajen 1950, lokacin da ƙasa ta ɗauki zafi da muhawarar sabon tsarin mulki. Kafin nan ya zauna a Ikko yana sakataren jam'iyyar NCNC tun daga 1948, ya ga 'yan siyasar Kudu ido da ido, ya san abin da suke nufi da sarautun Arewa. Ya kuma bi labarin ƙasar Indiya, wadda ta sami 'yanci a 1947, inda ɗaruruwan sarakunan gargajiya suka wayi gari ikonsu ya narke cikin sabuwar ƙasa. Daga waɗannan abubuwa biyu ya gina gargaɗinsa. Ya ce wa sarakunan Arewa, a taƙaice, su gyara da kansu tun kafin a gyara su, su tsayar da adalci a kotuna, su buɗe ƙofar shawara, su yaƙi jahilci da bara da roƙo da lalacewar tarbiyya, idan ba haka ba abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Ya kawo sarautar Ingila a matsayin misalin mulukiyar da ta tsira saboda ta yarda ta raba iko da jama'a. Duk tsawon waƙar a kan amsa-amo ɗaya ya ɗora ta, harafin "ya", abin da ya sa take zuba a kunne kamar ruwan sama a kan kwano.

A ganina, an fi zaluntar wannan waƙa ta wajen masoyanta. Wasu sun ɗauke ta a matsayin kariya ga sarauta, wasu kuma suka ɗauke ta a matsayin hari a kanta, alhali mai ita likita ne da ya faɗa wa majinyaci gaskiyar cutarsa don yana son ya rayu. Kuma ba a bar shi shi kaɗai a fili ba. Alhaji Mudi Sipikin na Kano ya mayar masa da martani da tasa waƙar, Arewa Jumhuriya Kawai. Abin sha'awa ke nan: tambaya mafi girma a siyasar Arewa ta wancan zamani, wato makomar sarauta, da baitoci aka yi muhawararta, da harshen da mai faskare zai fahimta.

Akwai kuma wani abin da ya kamata a faɗa don adalci. Malam Sa'adu mutum ne mai kaifin harshe, kuma bai ga makaɗa da maroƙa da gashi ba, ya lissafa sana'arsu cikin abubuwan da ke jan Arewa baya. A nan ba kowa zai bi shi ba, domin waƙar baka ma ta yi nata aikin wajen adana tarihi da faɗa wa manya abin da ba mai iya faɗa musu a fili. Sai dai abin da yake ƙyama a fili yake, wato fasahar da ake sayarwa ga duk wanda ya fi biya. Wanda ya saurari yawancin waƙoƙin yaƙin neman zaɓe na wannan zamani, inda mawaƙi ɗaya kan wasa ɗan takara bana ya zage shi baɗi, zai gane cewa tsoron nasa ba a banza yake ba.

Abin da Ya Biyo Baya

Hanyar da ya share ba ta rufe ba. Da aka kafa NEPU a 1950, kuma Jam'iyyar Mutanen Arewa ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa, kowane ɓangare ya tanadi marubuta waƙoƙinsa, irin su Gambo Hawaja da Alhaji Aƙilu Aliyu a ɓangaren Sawaba. Ita kanta gwamnati ta koyi darasin. A lokacin Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950, hukumar NORLA da ke Zariya ta buga waƙoƙi a ƙananan littattafai masu araha, aka shigar da na Malam Mu'azu Haɗeja da Imfiraji ta Malam Aliyu Namangi hannun sababbin masu karatu. Mutane da yawa sun dage da koyon haɗa baƙi ne don su karanta da idonsu abin da suka daɗe suna ji ana rerawa. Lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, da lokacin da aka koma tuƙi ta hannun dama a 1972, da sauya kuɗi zuwa naira da kwabo a 1973, duk sai da aka nemi mawaƙa su isar da saƙo ta gidan rediyo. A yau kuma wayar hannu ta maye gurbin warƙar ajami, matasa suna musayar baitoci ta Facebook da WhatsApp, wasu da kari tsaf, wasu kuwa sai dai a ce Allah Ya ƙara basira.

Gargaɗin Malam Sa'adu kuwa bai faɗi ƙasa banza ba. A 1963 Nijeriya ta zama jumhuriya, kuma a wannan shekara ce gwamnatin Jihar Arewa ta sa Sarkin Kano Muhammadu Sanusi ya yi murabus, abin da ya nuna wa kowa inda iko ya koma. Bayan juyin mulkin 1966 da ƙirƙiro jihohi a 1967, sojoji suka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa sauran, sarakuna suka koma iyayen ƙasa masu ba da shawara.

Shi dai bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ciwon da ya daɗe yana fama da shi ya yi ajalinsa a 1958, bai cika shekara 45 ba, saura shekara biyu a sami 'yancin kai, Allah Ya jiƙansa. A wannan shekarar ce kuma aka rasa Malam Mu'azu Haɗeja. Abokin muhawararsa Malam Abubakar ya riga ya zama Firayim Minista tun 1957, Malam Aminu kuma yana jagorancin NEPU. A 1974 Ɗandatti Abdulƙadir ya fitar da littafi a kan rayuwarsa da waƙoƙinsa a kamfanin NNPC na Zariya, kuma jami'ar Jihar Bauchi da ke Gaɗau yanzu sunansa take amsawa. Ƙungiyar ci gaban da ya kafa ba ta yi tsawon rai ba, sai masu binciken tarihi ne ke tuna sunanta, amma ɗaliban Hausa a kwalejoji da jami'o'i har yanzu suna zama jarrabawa a kan Arewa Jumhuriya ko Mulukiya.