Yadda kifin teku ya shigo tukunyarmu a Tudun Wada

A Badagiri aka fara ajiye mini ƙaguwa a kwano. Na je Legas ne wajen ƙanen mahaifina mai sayar da goro a Agege, ran Lahadi ya ce mu je mu ga teku mu dawo da yamma. Mai abinci ta zubo miya, sai ga ƙafafu sun leƙo ta bakin kwanon. Na janye hannu.

"Baffa, wannan kuwa ana ci?"

"Ci abinka, ɗana. A Malikiyya duk abin da ya fito daga teku halal ne. Ƙyama ce kawai."

Na fasa ɓawon da haƙori na tsotsa. Ɗan zaƙi, ɗan gishiri. Ban ƙara ba.

Abin dariyar shi ne, da naman teku aka raine ni, ban sani ba. Kakata dai tarwaɗa da karfasa ta sani, na kogunan Galma da Kubanni, sai banda da ake kawowa daga Baga. Amma Tudun Wada tun asali unguwar baƙi ce. Zamanin Turawa aka kafa ta a wajen ganuwar Zazzau don 'yan Arewa masu zuwa neman aiki da karatu, 'yan Kudu kuma aka ba su Sabon Gari. Da jirgin ƙasa ya haɗa Legas da Kano ta Zariya a 1912, cimar bakin teku ta biyo masu ita. A kasuwar Sabon Gari iyayenmu mata suka fara ganin kirifish, wanda ba komai ba ne illa ƙananan jatan lande busassu, da ƙandararren kifin nan na Norway mai kama da itacen girki. Daga baya sardin na gwangwani ya shigo shagunan unguwa, musamman Titus na Maroko, abincin ɗan makarantar kwana.

Babban sauyi ya zo ne da ƙanƙara. A 1957 Michael Ibru ya fara cinikin daskararren kifi a Legas, mutane suka riƙa gudunsa suna kiransa kifin mutuware. Da kifin ya iso nan ma haka ya sha. Kakata har ta rasu ba ta sa shi a baki ba. Cewarta, ba ta cin kifin da ba a san ranar mutuwarsa ba. Tsadar nama ce ta raba gardama.

Yanzu fita bayan magariba ka gani: kasko na tafasa a bakin titi, shawa da titus (sunan gwangwanin ya koma kan kifin ƙanƙarar) an yanka gunduwa-gunduwa, ana barbaɗa yaji ana naɗewa a takarda. Ba mai tambayar daga ina ya fito, alhali tsakaninmu da teku tafiyar fiye da kilomita 800 ce a mota.

Ƙaguwa kam, har yau ban ga mai tallanta a kasuwar Tudun Wada ba.